Daga Damagaram zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi?

Ranar wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidan Kawu a Birni, ana jiran shayi na biyu ya nuna, sai ya ajiye carbi ya yi tambayar da ta riƙe mu har aka kira magariba. Allah ya nufe shi da kujerar Makka bana, kuma tunda yake bai taɓa shiga jirgin sama ba. Damuwarsa ɗaya ce: awa nawa zai yi a zaune, saboda gwiwarsa ba ta son dogon zama.

Wani Alhaji maƙwabcinsa, wanda ya sauke farali ta Kano shekaru da dama da suka wuce, ya ce awa huɗu da rabi ne, kafin ka cinye abincin da suka raba ka ɗan rintsa har an ce a shirya za a sauka. Wani da ya je a 2023 ya girgiza kai, ya ce su kam sun kusa awa bakwai a sama. Wani ɗan kasuwa mai yawan zuwa Umra ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa barin Yamai ya kwana Jidda a ranar ba. Yaron da ke dafa shayin kuwa sai ya ciro waya ya lallatsa, ya ce ga shi an rubuta 2,050, ashe ma da kaɗan ya fi zuwa Yamai da dawowa.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, wa ke da gaskiya a cikinsu?"

Na ce, "Kawu, duk abin da suka gani suka faɗa. Yaron nan ne kaɗai ya karanta lamba bai duba abin da ke gefenta ba."

Mu fara da yaron, don nasa ne mai sauƙi. Wayar ba ta yi masa ƙarya ba, a mil ta ba shi amsa, shi kuma ya ɗauka kilomita ce. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Matuƙa jirgi kuma suna da nasu awon, mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. Tsakanin Zinder, wato Damagaram ɗinmu, da filin jirgin Jidda, in aka miƙe ba kwana, akwai kimanin kilomita 3,300. Wannan tazarar ita ce mil 2,050, ita ce kuma mil na teku wajen 1,780. Duk wanda ya nemi nisan gari a intanet ya fara duba da wane mudu aka auna masa.

Ita miƙaƙƙiyar hanyar, kowane ɗan Damagaram ya san ta, yana fuskantarta sau biyar a rana. Mukan ce mun fuskanci gabas, amma duk wanda ya lura da masallacin da aka daidaita alƙiblarsa da kyau zai ga ya ɗan karkata zuwa arewa. Daga Zinder, alƙibla tana wajen digiri 71 in an ƙirga daga arewa, wato ta bar gabas sak da digiri goma sha tara. Da jirgi zai tashi daga gaban liman ya bi saitin nan bai kauce ba, da bisa Ka'aba zai bi, kuma babu wata hanya da ta fi wannan gajarta a bayan ƙasa.

Abin da ke rikita mutane shi ne taswira. Taswirar da ke manne a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya ce, kewayenta kilomita dubu arba'in da 'yan kai. Ranar nan na aika aka karɓo mini ƙwarya a cikin gida, na kife ta a kan tabarma, na ɗiga gawayi wuri biyu, na ba Kawu zare na ce ya ɗame shi tsakanin ɗigon biyu. Da ya ɗame, zaren da kansa ya zame ya hau wajen ƙoƙon ƙwaryar ya kwanta, bai yarda ya bi ta gefe ba. Inda zaren ya kwanta nan ne gajeriyar hanya. In ka zana ta a takarda sai ta fito kamar baka, mai kallo ya ce matuƙi ya yi zagaye. Tsakaninmu da Jidda lanƙwasar kaɗan ce, don dukkanmu ba mu yi nisa da tsakiyar duniya ba. A tafiya irin ta Turai zuwa Amurka ne abin ke fitowa fili, inda jirgi kan bi ta can arewa wajen ƙanƙara.

Zaren namu, in aka shimfiɗa shi a ƙasa ta gaske, zai bi ta gefen Gure, ya bar tafkin Cadi a hannun dama, ya ratsa kwarin Bodele, wato inda yawancin ƙurar da ke rufe mu da hunturu take tasowa, ya wuce kudu da Faya, ya shiga Sudan, ya ƙetare kogin Nilu arewa da Dongola, sannan Bahar Maliya, sai Jidda. Hamada ce kusan duka. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa ba nan suka bi ba, don ƙafa ruwa take bi: ta ƙasar Barno, Wadai, Darfur, El Obeid, har bakin teku a Sawakin. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙodago suna ƙara gaba, da yawa kuma can suka zauna, jikokinsu na Sudan har yau suna jin Hausa.

To, in nisa ya tabbata, lokacin fa? Babban jirgi mai injin jet, in ya kai samaniyarsa ya daidaita, wajen kilomita goma zuwa sha biyu daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 a awa ko sama da haka kaɗan. Kilomita goma sha huɗu ke nan a minti ɗaya. Zinder zuwa Mirya, da ɗan kabu-kabu zai tsaya yana ciniki a kai, minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ne. In aka raba 3,300 da 850 za a samu awa huɗu ba kaɗan. Amma jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudun. Sai ya ja jiki a ƙasa zuwa bakin titinsa, ya jira izini, ya yi minti ashirin ko fiye yana hawa, sannan tun saura kilomita ɗari biyu ya isa zai fara rage gudu yana gangarowa. Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuma daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda yake fake ake ƙirga shi, har zuwa sa'ad da ya tsaya cik a wancan gefen. Saboda haka a ƙara rabin awa. Awa huɗu da rabi. Alhajin da ya tashi ta Kano ya yi gaskiya, don Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai, bambancinsu da mu bai kai minti goma a sama ba.

Wannan rabin awar na tashi da sauka shi ya sa gajeriyar tafiya ba ta yin saurin da mutum ke zato. Zinder zuwa Yamai ta sama kilomita 740 ne ba kaɗan. Jiragen farfela da ake sawa a irin wannan hanya, su ATR da Fokker 50, gudunsu wajen 500 ne a awa, don haka tafiyar kan kusa awa biyu, in kuma an ratsa Maraɗi an ɗauki mutane sai abin da ya ƙaru. Wato Jidda ta ninka nisan Yamai fiye da sau huɗu, amma a zaune a kujera ninki biyu ne da ɗan ɗori.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai a lissafin nan. Damagaram ta fi Yamai kusa da Makka. Daga Yamai zuwa Jidda kilomita 4,000 ne, mu kuwa 3,300. Amma takardar da aka ba Kawu ta ce daga Yamai zai tashi. Ke nan zai shiga bas da asuba, ya juya wa alƙibla baya, ya bi kwalta kilomita kusan 890: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. In Allah ya kiyaye hanya, sai bayan isha zai sauka, awa goma sha huɗu ko fiye, gwiwa a lanƙwashe. Ranar da jirgi ya ɗaga da shi kuma, cikin kamar awa guda zai dawo da shi saitin gida, ya bi ta arewa da Tanut ya wuce. Abin da bas ta yi yini tana ci, jirgi ya maido shi kafin a raba ruwan sha. Tun 1926 da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka mayar Yamai muke wannan tafiyar ta baya-baya, a kan takarda, a kan asibiti, a kan jirgi.

Daga Yamai lissafin ya zama awa biyar da kwata, ko biyar da rabi. Sai kuma agogo ya shigo ya ƙara dagula gardama.

Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa. Zinder na kan digiri 9 gabas, Jidda na kan 39, tazarar digiri talatin cif, shi ya sa agogon Saudiyya ke gaban namu da awa biyu. Mu ma muna ganin ƙaramin misalinsa a gida: agogonmu ɗaya da Yamai, amma da azumi mukan riga su shan ruwa da kusan rabin awa, don rana ta riga faɗuwa a nan. Tikiti kuwa kowane gari da agogonsa yake rubuta shi. A ce jirgi zai tashi Yamai ƙarfe 10 na dare ya sauka Jidda ƙarfe 5 da kwata na asuba. Mai ƙirgawa da yatsa zai ce awa bakwai da kwata. A cire biyu, saura biyar da kwata. A dawowa kuma sai abin ya juye: ya tashi Jidda ƙarfe 10 na safe, ya sauka Yamai ƙarfe 1 da kwata, sai alhaji ya zo gida yana ba da labari cewa dawowa awa uku kawai suka yi, albarkar aikin hajji. Albarka kam akwai ta, amma awa biyun na agogo ne.

Duk da haka, zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba, ko an gyara agogo. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi, iskar can sama kuma ba irin wadda ke kaɗa mana rawani ba ce. Da hunturu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Sahara da Masar da Larabawa, gudunta kan haura kilomita ɗari biyu a awa a tsakiyarta. Jirgin da ya nufi Jidda in ya samu ko gefenta ne, tura shi take yi, mai dawowa kuma da ita zai yi kokawa. Da damina, musamman Yuli da Agusta, sai wata ta taso daga wajen Indiya ta bi ta saman Sudan da Cadi ta nufo mu, daga gabas zuwa yamma, sai mai dawowa ya zama shi ne mai riba. A ce iskar da jirgi ya samu ta kilomita 80 ce a awa: mai tafiya da ita yana cin ƙasa 930, mai fuskantarta 770. A tafiyar kilomita dubu huɗu bambancin ya haura minti hamsin. Tunda kuma watan hajji na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, wanda ya je da sanyi da wanda ya je da damina ba iska ɗaya suka sha ba, kowa kuma zai rantse a kan nasa.

Wani a wurin ya tambaya, tunda duniya na juyawa zuwa gabas, me zai hana jirgin da zai dawo ya tashi ya tsaya cak a sama har Nijar ta iso ƙarƙashinsa? Amsar ita ce iskar ma tare da ƙasar take juyawa. Ƙudan da ke shawagi a cikin bas ba ya tsintar kansa a kujerar baya don direba ya taka wuta a miƙaƙƙen titi.

Saura mai awa bakwai. Shi ba iska ba ce ta same shi, yaƙi ne. Sama ma tana da iyakoki kamar ƙasa. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisanta, jirgi ba ya ratsawa sai da izini, kuma biya ake yi. Akwai hanyoyi sanannu da aka shata, akwai masu sa ido da ke miƙa jirgi daga hannu zuwa hannu. A ɓangarenmu hukumar ASECNA ce ke wannan aiki tun 1959, tana da cibiyoyi a Yamai da Njamena. Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Sudan kuwa ita ce ƙofar, zaren Kawu ta arewacinta ya ratsa. Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin, saman Sudan ta Kudu ma daga Khartum ake kula da shi a lokacin. A arewa ga Libiya, wadda kamfanoni da yawa suka daɗe suna ƙaurace wa samanta. Sai ya zama dole jirage su yi dogon zagaye, wasu ta kudu, ta Afirka ta Tsakiya da Yuganda da Kenya da Habasha, kafin su juyo arewa su bi Bahar Maliya. Tafiyar awa huɗu da rabi ta koma kusan bakwai. A Najeriya har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda man da za a ƙona.

Mu ma mun rufe namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe saman Nijar ranar 6 ga Agusta, ba a buɗe wa jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba. A wannan watan, da Nijar da Sudan a rufe, ga Libiya ana gudu, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sai da suka riƙa raɓawa ta gefen nahiyar, wasu na ƙara awa ɗaya ko biyu. Wanda ke zaune a Landan zai tafi Johannesburg bai san inda Tanut take ba, amma ya ji a jikinsa.

Shi kuwa ɗan kasuwan da ya ce yini guda, maganarsa ta jirgin haya na yau da kullum ce. Jirgin alhazai shata ne: an cika shi da mutanen wuri ɗaya masu zuwa wuri ɗaya, ya ɗauka ya miƙe. Jirgin haya kuwa kamar motar kasuwa yake, inda fasinja suka taru can yake bi. Kowane babban kamfani yana da garinsa, can yake tara mutane daga ko'ina ya sake rarraba su. Na taɓa zama na auna, sai na ga wani abin mamaki: Jidda, Adis Ababa, Istanbul da Paris, kowannensu wajen kilomita dubu huɗu yake daga Yamai, kamar an kafa tsinke an zagaya da zare. Ke nan wanda ya bi ta Adis ya riga ya yi tafiyar da ta isa ta kai shi Jidda, amma ga shi a Habasha, da sauran kilomita 1,400 a gabansa. Jimla 5,400. Ta Istanbul 6,400. Ta Kazablanka, inda za a fara kai ka arewa maso yamma, ya haura 7,000, fiye da ninki biyu na tazarar Zinder da Jidda. Wannan duk ba a sa zaman jira ba. Zaman jiran jirgi na biyu shi ne ke cin rai: awa uku in ka yi sa'a, in ba ka yi ba ka kwana a kan kujerar ƙarfe, jaka a matsayin matashi. Sau da yawa kuma tikitin da ya fi zagaye shi ya fi araha, don masu ajans ba kilomita suke sayarwa ba, kujerar da ta rage suke sayarwa.

Kawu ya saurara har nan, sai ya ce, "To, me ya hana su zo nan su ɗauke mu, tunda muna da fili?"

Tambayar tana da nauyi, kuma ba ni ke da ikon amsa ɓangarenta na siyasa ba. Filinmu an yi masa gyara lokacin bikin ranar Jamhuriya da aka kira Zinder Saboua, na 18 ga Disamba 2018. Amma akwai lissafin da ke bayan kowane tashi, wanda ya kamata mai tambaya ya sani. Babban jirgi irin Boeing 777 ko Airbus A330, mai ɗaukar mutum ɗari uku zuwa ɗari huɗu, in an cika shi da mutane da kaya da man tafiyar awa biyar, nauyinsa kan kai tan ɗari biyu ko fiye. Man ma ba na tafiyar kaɗai ake zubawa ba. Doka ta ce sai an ƙara wanda zai kai shi wani filin in na farko ya ƙi saukuwa, da na shawagin rabin awa a kan haka. Irin wannan jirgi yana son titi mai tsawo, wajen kilomita uku in ya yi lodi sosai, mai ƙwarin da zai ɗauki nauyinsa, da motocin kashe gobara daidai girmansa, da ma'aikatan shige da fice. Sannan ga zafi. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara, fiffike bai samun abin riƙewa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ke haura digiri 40 da rana, jirgin da zai tashi cikin sauƙi da asuba zai nemi ƙarin titi da azahar, ko a rage masa kaya. Hajji kuma yanzu cikin bazara yake shigowa: ƙarshen Yuni a 2023, tsakiyarsa a 2024, farkonsa a 2025. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake son tashin dare a ƙasashe irin namu. Ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗari da hamsin zuwa ɗari da tamanin yana iya kai kilomita 3,300 ba tsayawa, kuma bai buƙatar titi mai tsawon na manyan, sai dai sawu zai yi yawa, kuɗin kujera ya hau. A ganina, ko da tsadar, duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa 'yar shekara saba'in tana saukowa daga bas a Yamai da kumburarrun ƙafafu zai ce a yi wannan lissafin da gaske.

Ƙura da hadari ba sai na daɗe a kansu ba, kowa ya sani. In hazo ya sauko har ba ka ganin hasumiyar masallaci daga bakin kasuwar Dole, matuƙi ma ba ya ganin titi, jirgi sai ya jira ko ya juya. Da damina kuma gizagizan hadari kan yi tsiri har su wuce inda jirgi ke bi, ba mai kutsa kai cikinsu, kewayewa ake yi.

Akwai wani wuri guda da gudun nan na kilomita goma sha huɗu a minti yake shafar ibada kai tsaye. Wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka zai zo saitin mikati yana sama. Ana sanarwa a cikin jirgi, amma wanda ya ce sai an sanar zai tashi ya nemi haraminsa a jaka, ya bi layin ban ɗaki, kafin ya fito an yi nisa. Shi ya sa masu bita ke cewa a yi wanka a ɗaura tun daga ƙasa, niyya ce kawai za a bari sai an zo wurin. Wanda aka fara kaiwa Madina, wadda ke wajen kilomita 3,400 daga Zinder, shi ba ruwansa da wannan sai ranar da zai baro ta. Sauran bayanin fagen malamai ne.

Da na zo tattara wa Kawu lissafinsa, sai na ga na saman shi ne ƙarami. Yini guda a bas. Kwana ɗaya, biyu, ko abin da Allah ya yi a Yamai ana jiran a kira sunan rukuninsu. Awa huɗu ko fiye a filin Diori Hamani ana awon kaya ana duba fasfo. Sannan awa biyar da 'yan mintoci a sama in hanya a buɗe take, bakwai ko fiye in an yi zagaye. In an sauka kuma, ga zama a ƙarƙashin manyan rumfunan nan na tashar alhazai ta Jidda, masu kama da tantuna, kafin a gama tantancewa a hau mota, kusan kilomita ɗari zuwa Harami. Na ce masa ya roƙi kujerar bakin hanya, kada ya yi kwaɗayin taga, ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa duk bayan awa guda, ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba, don iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu.

Ya ce, "Ashe jirgin ba shi ne abin tsoro ba, bas ɗin ce."

Aka yi dariya, aka miƙo shayi na uku. Da na shiga cikin gida mayar da ƙwarya, Inna na zaune tana ɗaure masa kilishi da garin kunu a leda, ashe duk tana jin mu ta zaure. Ta ce, "Da gaske ne jirgin zai dawo ta kanmu?"

Na ce, "In sun bi miƙaƙƙiya, Inna. Kamar awa ɗaya bayan sun tashi, amma can arewa, wajen Tanut. Ba za ku gan shi ba."

Ta ƙulle bakin ledar da haƙori, ta ce, "Ba gani nake so ba. Kai dai in sun tashi ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne."